Saura Mutum

Kawuna, yayan mahaifiyata, masunci ne a tafkin Madarumfa, kuma a shekarar da nake magana shi ne shugaban ƙungiyar masuntan garinmu. Ni kuwa malamin Ingilishi ne a kolejin garin. Abin da ya haɗa mu tafiya ke nan. Wani proje, wato shirin tallafi, na kiwon kifi ya shirya taro a ƙasar Tailan, aka ce a zo da masunci na gaske, ba ma'aikacin biro mai zaman ofis ba, a kuma zo da wanda zai yi masa tafinta. Masunta suka ce Kawu. Kawu ya ce ni. Ba wai ya yarda da Turancina ba ne, cewa ya yi in za a ɓata masa magana gara ɗan gida ya ɓata, ya san inda zai same shi.

Ranar da za mu tashi Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta tambayi nisan ƙasar ba, ba ta ce in yo mata tsaraba ba. Ta ce mutumin nan bai taɓa wuce Kano ba, ba ya jin yaren kowa sai nasa, kuma ko a nasa ɗin ba ya jin magana. Sannan ta dube ni ta ce, "Kai ka ɗauke shi daga nan. Kai za ka maido mini shi nan."

Na ce to. Tun daga ranar paspor ɗinsa da duk takardunsa suka koma jakata, don shi aljihunsa na goro ne da tasbaha.

Sai an san Kawu za a gane nauyin da aka ɗora mini. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai babbar murya, kuma duk rayuwarsa a gaba yake tafiya. In za a bakin ruwa shi ne gaba, in za a ta'aziyya shi ne gaba. Ko hanyar da bai sani ba ce shi ne gaba, sai ya ɓata a kira shi ya juyo yana faɗa. Ina ƙarami shi yake zuwa da ni kasuwar Maradi in ya kai bandar kifi, kuma dokokinsa ba sa canzawa: in riƙe gefen rigarsa kada in saki, in kuwa na saki na ɓata, to in tsaya cik inda nake, kada in nemi kowa, shi zai dawo. Na taɓa sakewa wajen kallon mai wasa da maciji. Na tsaya ina kuka da majina har ya dawo, ya ranƙwashe ni, ya saya mini alewa.

An yi taron a wani otel a bakin teku, a garin da ake kira Hua Hin. Gari ne na ƴan hutu. Turawa sun zo daga ƙasashensu sun kwanta a rairayi cikin rana, kusan ba kaya a jikinsu. Ranar farko Kawu ya yi ta kawar da kai yana istigfari, daga baya ya yanke hukuncin cewa marasa lafiya ne aka ce su sha rana, ya shiga tausaya musu. Teku kuwa ya tsaya ya kalle shi da kyau, ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce ruwa mai yawa haka, ba ya shayuwa, ba ya ban-ruwan albasa, Allah dai ya san abin da ya sa ya yi shi. Abin da ya yi masa daɗi shi ne masuntan garin. Da sassafe yakan je inda suke ɗaure jiragensu ya zauna cikinsu, suna ɗinkin koma, yana yi musu Hausa suna yi masa yarensu, kowa yana gyaɗa kai.

Rigimarmu ta farko a kan alƙibla ce. A can yamma ake kallo, ba gabas ba. Akwai ƴar kibiya da aka manna a rufin ɗakin otel, na nuna masa, na yi masa bayanin inda Makka take da inda muke, ya ce shi ba zai juya wa gabas baya don takardar da wani ya liƙa ba. Sai da ya ga wani dattijo mai farar hula daga cikin mahalarta taron ya shimfiɗa darduma ya fuskanci faɗuwar rana, sannan ya bi. Ni da na faɗa tun farko ba a ce mini sannu ba.

Da aka gama taro, sauran mutane suka shiga motar proje zuwa Bankok. Mu jirginmu na sama sai washegari da yamma, saboda haka muna da lokaci. Kawu kuwa tun zuwanmu yake jin kukan jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan gari. Ya ce tun yana saurayi ake cewa dogo zai zo Maradi, bai san ko zai kai ganinsa ba, shi ba zai koma gida bai shiga ba. Ni motar proje nake so, mai sanyi, mai kai mutum har ƙofar masauki. Na yi gardama, na sha kaye kamar kullum.

Tashar ƙarama ce, ta katako, an shafe ta da ja da ruwan ƙwai, tsaf da ita. Na yanki tike na taragon talakawa, don Kawu ya ce sanyin inji yana sa masa mura, kuma yana son taga a buɗe. Muna zaune muna jira da hantsi na yi masa bayani a tsanake. Na ce jirgin ƙasa ba kar ba ne, wato babbar motar fasinja irin tamu. Ba ya tsayawa salla, ba ya jiran kowa, in ya tsaya a tasha ɗan kaɗan ne ya wuce. Na ce azahar za ta same mu a hanya, mu bari sai mun isa mu haɗa ta da la'asar, addini ya yarje wa matafiyi.

Ya ce, "To, Mushe."

Mushe shi ne abin da ƴan makaranta suke kiran malami a wajenmu, kuma Kawu ba ya kirana haka sai in yana yi mini ba'a. To ɗin ma irin ta dattawa ce, wadda ma'anarta na ji kana motsa baki.

Ban ga laifinsa sosai ba. Duk wanda ya shiga kar daga Maradi zuwa Yamai ya san yadda ake yi. Lokacin salla ya yi, direba ya gangara gefen hanya, kowa ya sauka da butarsa. An idar, ya danna oda, a shiga. Kullum kuwa sai an sami wanda ya makara, ko yana lazimi ko yana sayen nama. Mota ta fara motsi, sai ka ji murya daga baya: direba, saura mutum! Wasu su ɗauka, har maganar ta kai gaba. Direba ya yi tsaki, ya yi zagi ƙasa-ƙasa, amma ya tsaya. Wanda ya bar jakarsa a kujera ya bar wa maƙwabcinsa amana ke nan, ba sai an faɗa ba. Kawu bai taɓa ganin mota ta tafi ta bar mai salla ba. Ni ma, gaskiya, ban taɓa gani ba.

Jirgi ya zo, muka shiga. Kujerun suna fuskantar juna, fanka tana juyawa a sama, tagogi a buɗe. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa tarago duka sallama da babbar muryarsa. Ba wanda ya amsa, amma an yi murmushi. Gabanmu akwai wata mata gajera, mai furfura kaɗan, da kwandon kaya a ƙafarta, kusa da ita kuma wani tsoho mai tabarau yana karanta jarida. Jirgi bai gama fita gari ba Kawu ya kwance jakar guzurinsa, ya fito da dabino da ƙuli-ƙuli da goro, ya shiga miƙa wa duk wanda hannunsa ya kai. Matar ta ɗauki goro, ta jujjuya shi, ta gatsa. Fuskarta ta tattare gaba ɗaya, idonta ya kawo ruwa, amma ta ƙi tofarwa don kunya. Tarago ya ɗauki dariya, Kawu ya fi kowa. Ita kuma ta buɗe kwandonta ta ba mu shinkafa mai danƙo da ayaba a naɗe cikin ganye. Na duba na tabbatar ba nama a ciki, muka ci. Kawu ya goge hannunsa ya ce mini yanzu an zama abokan tafiya, an ci na juna.

Daga nan ya koma taga. Gonakin shinkafa ne ko'ina, kore shar, ruwa kwance a cikinsu, balbelu suna bin ɓauna. Can sai ga giginya jere a kan kunyoyi, irin tamu sak, ya yi ta zungurata in duba, kamar ya haɗu da ɗan garinsu. Muka wuce tafkunan kiwon kifi masu wasu ƙafafu da suke juyawa suna dukan ruwa, muka wuce duwatsu masu tsini da ɗakunan ibadarsu masu rufi mai ƙyalli. Masu talla suna shiga a tasha, su bi tarago da abinci, su sauka a ta gaba. Kawu yana yi wa matar bayanin tafkinmu, yadda yake cika da damina, yadda yake ja baya a yi lambu a bakinsa. Tana cewa wani abu, yana cewa ƙwarai kuwa.

Rana ta yi tsaka ta ɗan karkata. Na tashi zuwa makewayi a ƙarshen tarago, na tarar da mutane a gabana, na jira. Ina ciki na ji jirgi ya rage gudu ya tsaya. Da na fito, masu talla sun cika hanya da tirensu, sai da na yi ta raɓawa. Kafin in kai kujerarmu jirgi ya yi girgiza ya fara tafiya.

Kujerar Kawu ba kowa. Jakar guzurinsa tana zaune a wurinsa, an daidaita ta da kyau. Buta da darduma ba sa nan. Matar tana tsaye, rabin jikinta a waje ta taga, tana dukan jikin jirgi da tafin hannu, tana ƙwala wa wani ma'aikaci mai tuta magana, tana nuni. Na leƙa ta kanta. Ga Kawu a kan dandamalin tasha, ƙarƙashin wata bishiya, cikin farar rigarsa, ya fuskanci yamma yadda aka koya masa, ya ba mu baya, hannuwansa a sake. Ya riga ya kabbara.

Na kira shi. Ko ya ji ba zai juyo ba, na sani. Na ruga ƙofa, ƙasa tana gudu a ƙarƙashin matakala, wani mutum ya riƙe mini hannu gam, kuma ya kyauta. Ina kallo Kawu ya yi ruku'u. Jirgi ya sha kwana, bishiyoyi suka rufe shi.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, haushi ya biyo bayansa. Mutum ba takarda, ba kuɗin ƙasar, telefon ɗinsa ba ya aiki a nan, ba ya iya faɗin ko sunan ƙasarmu yadda za su gane. Ni kaina ban san sunan tashar ba, ban duba allo ba. Na tsine wa proje, na tsine wa wanda ya ƙirƙiro jirgin ƙasa, na kuma ce a raina wannan tsoho sai ya kashe ni kafin lokacina. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halinsa. Mutumin da kullum yake gaba, in ya sallame ya ga ba jirgi, zai iya naɗe darduma ya bi layin dogo da ƙafa. Zai iya shiga duk jirgin da ya fara tsayawa, ko da mai komawa kudu ne. Ina zan fara nemansa? Me zan je in ce wa Inna?

Matar ce ta je ta jawo mai duba tike. Turancina da nake taƙama da shi bai yi mini rana a wajensa ba, sai tsohon nan mai tabarau ya ajiye jarida ya shiga tsakani da ɗan abin da yake ji. Mai duba tike mutum ne mai ladabi, ya saurara har ƙarshe, ya ce ba a iya tsayar da jirgi, amma zai kira tashar a duba, ni kuma in sauka a ta gaba in koma. Ya kira, ya yi magana, ya ce sun ce za su duba. Iyakar abin da na samu ke nan. Na zauna kusa da jakar guzurin. Gonakin shinkafa suna nan yadda suke, giginya tana wucewa.

Da jirgi ya tsaya a tasha ta gaba, kafin in haɗa kayanmu matar ta sunkuci jaka ɗaya ta yi gaba. Ta bar kwandonta a cikin jirgi. Ta ja ni har waje inda ƴan kabu-kabu masu babur suke, masu riga ruwan goro, ta kama ɗaya ta yi masa magana da sauri, ta maimaita sunan tashar, ta nuna tsayin Kawu da hannu, ta shafa haɓarta don gemu. Jirgi ya yi kuka. Ta juya da gudu, da gajerun ƙafafunta, ta kama ƙarfen ƙofa yana motsi. Ban sami yi mata godiya ba, ban san sunanta ba.

Ɗan kabu-kabu ya ɗora jaka ɗaya a gabansa, na goya ɗaya, na rungume ta guzuri. A ƙasar nan ta hagu ake tuƙi, duk motar da ta taho sai in ga kamar kanmu za ta hau. Hanya takan matso kusa da dogo ta sake nisa, duk inda ta matso ina baza ido ko zan ga farar riga tana tafiya a kan layi. A hanyar nan na shirya faɗan da zan yi masa. Na tsara shi da kyau, daga na faɗa maka tun a tasha, har zuwa ba zan ƙara tafiya da kai ko Safo da ke kusa da garinmu ba.

Tashar ta yi tsit, masu talla sun watse, wani kare yana kwance ƙarƙashin benci. Kawu yana nan. Yana zaune a kan dardumarsa, daidai inda na gan shi ya kabbara, buta a gefensa, takalmansa a jere. Inuwar bishiyar ta gusa ta bar shi a rana, bai bi ta ba. Kusa da shi akwai kujerar roba da kwalbar ruwa da ma'aikacin tasha ya kawo. Ma'aikacin ya taho yana nuna mini da hannu cewa ya yi ya yi da shi ya shiga inuwa, ya ƙi motsi.

Faɗan da na shirya ban san inda ya shiga ba. Ban taɓa ganin Kawu daga sama ba sai ranar, ina tsaye yana ƙasa, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Na durƙusa na ce sannu Kawu. Ya ce yauwa, ka dawo. Na ce na dawo. Ya ce ai ya san zan dawo, shi ya sa bai gusa ba.

Na buɗe masa ruwan ya sha. Ya daɗe yana kallon layin dogo, sannan ya yi magana, muryarsa ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Da zan sauka na gaya wa matar nan. Na bar jakata a kujera, duk sun gani. Sun ci gorona. Ba wanda ya ce saura mutum?"

"Ta faɗa, Kawu. Da yarensu ta faɗa, har tana dukan jirgi da hannu. Ita ce ma ta samo mini mai babur."

Ya ɗago ya dube ni, ya ga ba lallashinsa nake yi ba. Ya ce Allah ya saka mata. Can ya ce, "To direban fa?"

"Direba yana can gaba da nisa, bai san da kai ba. Ko ya sani, ba a ba shi ikon tsayawa ba."

"Ko ɗansa ne?"

"Ko ɗansa ne."

Daga baya, muna jiran wani jirgin, ya gaya mini cewa da ya sallame ya waiwaya, ya ga ƙarfe biyu kawai sun miƙe, ba jirgi ba mutane, sai ya rasa ina ne gabas ina ne yamma, ya rasa ta ina ya zo. Ya ce ya kwana a tsakiyar tafki cikin hadari, jirginsa ya taɓa kifewa, bai ji abin da ya ji a wurin nan ba. Ya faɗe shi ne kamar yana ba da labarin wani. La'asar ta yi, ya ja mu salla, na rama azahar ɗina. Ma'aikacin tasha ya taimake ni na yanki wani tiken.

Jirgin da ya ɗauke mu ya fi na farko cika. Kawu bai yi wa kowa sallama ba. Ya bar mini taga ya zauna ta ciki, jakar guzuri a kan cinyarsa, bakinta a ɗaure. Wani mutum a gabanmu ya yi masa murmushi, ya gyaɗa kai kawai. Wannan ya fi ɓatansa yi mini ciwo. Na so ya yi mini ba'a, ya kira ni Mushe, ya ce laifina ne da na daɗe a makewayi. Shi kuwa goro kawai yake ɓallowa kaɗan-kaɗan daga aljihu yana taunawa shi kaɗai.

Gonaki suka ƙare ba mu lura ba. Gidaje suka matso har suna neman taɓa jirgi, shanya a kan igiya, mutane suna dafa abinci dab da layi, magudanun ruwa baƙi ƙirin. Sai hanyoyi a kan hanyoyi, motoci a tsaye bumbutu, benaye da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi, wani jirgin ma yana gudu a sama kan ginshiƙai. Da a ce da safe ne Kawu ya ga wannan, da tarago duka ya ji ra'ayinsa. Ya kalla dai.

Mun isa Bankok ana tashi daga aiki, rana ta kusa faɗuwa. Kai, mutane! Na ga kasuwar Maradi ana gobe salla, na ga Kano, ban ga irin wannan ba. Ba hayaniya suke ba, ba ture-ture, tafiya kawai suke yi da sauri, kowa idonsa a telefon ko a gabansa, suna fitowa ta ko'ina suna shigewa ta ko'ina. Na saɓa jakunkuna, na ɗan dakata don Kawu ya wuce gaba yadda ya saba, in bi shi ina gyara masa hanya. Bai wuce ba. Na fara tafiya.

Ban yi nisa ba na ji an ja mini riga ta baya. Na ɗauka ɓarawo ne, na juyo da zafi. Hannun Kawu ne. Ya kama gefen rigata, ya naɗe shi a yatsunsa, ya riƙe tam. Fuskarsa tana can wani gefe, yana kallon wani allo da ba ya iya karantawa. Na juya, na rage sauri, muka ratsa tashar a haka.

A haka muka je masauki, a haka muka zaga gari washegari ya sayi ƙugiyoyi da zaren koma, a haka muka bi filayen jirgin sama ɗaya bayan ɗaya har Yamai. In mun zauna ya saki, in mun tashi ya kama. Ba mu taɓa yin maganar ba. A cikin kar ta Maradi, da aka tsaya azahar, ya shimfiɗa dardumarsa dab da ƙofar mota, inda direba ba zai iya motsawa bai gan shi ba. Da aka shiga mota ta fara tafiya, wata tsohuwa daga baya ta ɗaga murya ta ce saura mutum, wani saurayi ne ya tsaya sayen rake. Direba ya yi tsaki ya taka birki. Kawu ya dube ni, ya mayar da kansa taga.

Da yamma muka sauka a tashar Madarumfa. Masunta sun ji labari sun zo tarya. Ƙafarsa tana taɓa ƙasa ya sake ni, ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya wuce gaba, jama'a suka bi shi. Kafin mu kai gida ya fara ba su labarin ruwan da ba ya shayuwa da matar da ta gatsa goro. Ni na biyo baya da kaya.

Ya zauna a ƙofar gida cikin mutane, ni na shiga wajen Inna na durƙusa na gaishe ta. Na ce ga shi nan na maido mata. Ta ce ta ji muryarsa tun daga nesa, Allah ya yi mini albarka. Da zan tashi ta kama gefen rigata ta baya ta duba. Wurin ya cukurkuɗe, ya yi jan goro, shatin yatsu a jiki.

Ta ce, "Wa ya riƙe ka haka?"

Na ce cunkoson hanya ne. Ta ɗan jima riƙe da wurin, tana sauraren muryar yayanta daga waje, yana faɗa ana dariya. Sannan ta sake ni, ta ce in je in ci abinci.